Layin Bahago a Babban Littafi

4 ga Maris

Zuwa ga Baba Hedimasta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya. Yaya ƙafar? Wata mata da ta zo awo daga wajenku ta ce ta gan ka a bakin kasuwa, kana dogara sanda kana faɗa da mai kifi, sai na ce to, da sauran ƙarfi. Mu nan asibiti lafiya, sai dai baƙon dauro ya shigo ɗakin yara. Gado ashirin, mu biyu ne a kai.

Baba, na daɗe ina fara takardar nan ina yagewa. Ka san ni tun ranar da Mama ta ɗauko ni daga wajen danginta na nesa ta sa ni a makarantarka, kai ne kuma ka laƙaba mini Sarkin Tambaya. Yau roƙo na zo da shi.

In Agusta ya zo, shekara tara ke nan da gada ta karye, jirgin ƙasa ya faɗa kogi da ɗanka Bahago a cikin injin yana zuba kwal. Wata takwas kacal muka yi da aure.

Akwai wani mutum a nan, kafintan asibiti. Shi ke yi wa guragu sanda, shi ke gyara gadaje, in an yi rashi kuma shi ke haɗa akwati. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya mata biyu. Ba mai yawan magana ba ne. Shekara biyu yana jiran amsata, bana na ce masa to. Muka je wajen Fasto da takardar kotu. Dattawan ikkilisiya suka karanta, suka ce abin da aka rubuta shi ne ana zaton Bahago ya mutu tunda ba a ga gawarsa ba, su kuwa ba sa ɗaura aure a kan zato. Fasto, wanda shi ma tsohon ɗalibinka ne, ya ce hanya ɗaya ta rage: babban Littafin gidanmu na Maganar Allah, wanda kake rubuta haihuwa da aure da rasuwar kowa a shafinsa na farko. In uba ya cika layin ɗansa da hannunsa za su karɓa, don kowa ya san hannunka bai taɓa rubuta abin da ba haka yake ba.

A ƙarshen Oktoba za a tura kafinta sabon asibitin da ake buɗewa can bayan duwatsu, ba kuma za a bar ni in bi shi ba sai ina matarsa. Ya ce in ka yarda zai zo ya gaishe ka, ya kuma duba maka kujerar nan da ƙafarta ta karye.

Baba, ina roƙonka ka cika layin.

Ni ce 'yarka,
Sarkin Tambaya

29 ga Maris

Zuwa ga matar ɗana,

Na sami takardarki. Kin tambayi ƙafa. Tana nan tana ciwo, ita kaɗai ce a gidan nan ba ta tafi ta bar ni ba. Mai kifi kuwa na shekaranjiya yake sayarwa da sunan na yau, kuma zan ci gaba da gaya masa. Rubutunki ya lalace, kin koyi na likitoci. Shekara shida na yi ina nuna miki yadda ake zaunar da harafi a kan layi, ga abin da aka saka mini da shi.

Bayan haka, sau uku na karanta ina neman inda kika ce kina kewarsa, ban gani ba. Na ga gado ashirin, na ga sandar guragu, na ga kujera. Wato mai haɗa wa matattu akwati ne zai zo gidana ya dudduba. Ki ce masa kada ya wahalar da kansa, tsawona ƙafa biyar ne da inci tara. Ya rubuta ya ajiye, in lokaci ya yi za a aika masa.

Littafin da kike magana a kai kamar takardar awon ciki, kakana ne ya fara rubutu a cikinsa. Shekara arba'in da ɗaya yana hannuna. Suna talatin da bakwai, babu ɗigon tawada, babu gogewa ko ɗaya. Kowa da layinsa: ranar haihuwa, ranar baftisma, ranar aure, sannan gurbin ƙarshe. Na cika na mahaifina, na cika na ƙannena biyu, na cika na Mamanku shekara shida da suka wuce. Dukkansu ina tsaye aka kira sunansu a bakin rami. Wa ya kira sunan Bahago a bakin rami? An taɓa nuna miki kabarinsa? Mutum goma sha ɗaya aka rubuta ba a gan su ba. Ɗaya daga ciki an ce an gan shi bayan shekara uku yana dako a tashar jiragen ruwa, bai san ko sunansa ba.

Shi kuma Fastonku, shekara biyu ya yi a aji huɗu don ya kasa raba goma sha biyu gida uku. Yau shi ke raba wa mutane rai da mutuwa. Dattawa kuwa na san irinsu. Na nan sun zo mini da waƙa a bakinsu, suka ce nufin Allah ne. Na ce in nufinsa ne gada ta karye da mata da jarirai a kai, to ni da shi kowa ya zauna gidansa. Bayan wata uku suka aiko a karɓi makullin makarantar da na gina da yara goma sha huɗu a ƙarƙashin rumfa.

Ke da kike rera waƙar bege kowace Lahadi, shekara tara ta ishe ki. Ni da na daina taka ƙofar majami'a, har yau ban sa sakata a ƙofar baya ba, don ta nan yake shigowa in ya taso aiki.

Ba zan rubuta ba.

Surukinki,
tsohon hedimasta, wanda ba hedimastan kowa ba ne yanzu

20 ga Afrilu

Baba,

Ina gaisuwa. Baƙon dauro ya ɗauki yara uku, sauran sun tashi, mun gode Allah. Jikina lafiya, amma raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Ka nemi inda na ce ina kewarsa. To ga shi, tunda sai an rubuta kake ganewa. Duk ranar Alhamis jirgi yana tsayawa a tasharmu ya sha ruwa. Tun da na kama aiki a nan ban fasa zuwa ba, ina tsayawa dab da injin ina kallon fuskokin masu zuba kwal, har suka sa mini suna Matar Tasha, suna ɗaga mini hula don ba'a. Duk wanda aka tsinto a titi bai san kansa ba, ni nake roƙo a ba ni jinyarsa. Kafin in duba fuskarsa hannun hagu nake buɗewa, ina neman yatsan nan na tsakiya da ya lanƙwashe, wanda ya ce mini ƙofa ce ta datse shi yana yaro. Babu mahaukacin da aka taɓa kawowa asibitin nan da ban san hannunsa na hagu ba.

Shekarata talatin da ɗaya. Na karɓi haihuwa ta fi ɗari huɗu, ina wanke su ina miƙa wa masu su.

Kafinta bai yi maka komai ba. Da na karanta masa maganar tsawonka, dariya ya yi har ya ajiye zarto, ya ce, “Tsohon nan da ransa, ba zai neme ni nan kusa ba.” Kujera kawai ya so gyarawa, Baba. Kujera.

Kana taƙama ba ka sa sakata. Barin ƙofa a buɗe ba wuya ba ne, daga kan kujerarka kake yi. Ni da ƙafata nake jira, da ƙuruciyata. Ka ce ba ruwanka da Allah, amma ka riƙe Littafinsa ka hana ni wucewa da shi. In ka bar shi, ka bar shi duka.

Ina sake roƙonka, kuma ba da murya mai daɗi ba.

'Yarka

15 ga Mayu

Matar ɗana,

Ƙafa ta kumbura, ruwan sama ya fara, rufin ɗakin karatu yana yoyo a kan taswira. Kada ki gaya wa kafinta.

Ashe har kin fara karanta wa baƙo wasiƙun gidanmu yana dariya. Madalla. Ki karanta masa wannan ma: ban san shi ba, ban kuma nemi sani ba.

Ba ni na aike ki tasha ba. Ba ni na ce ki riƙa buɗe hannun mahaukata ba. In sauri kike, ga kotu nan, ita da ta iya zato ta iya ɗaura aure, ba ta bukatar alƙalamina. Ki je ku sa hannu, ku hau duwatsunku, ku ƙyale ni da matattuna da wanda ba a gani ba.

Maganar yatsa kuma, kada ki sake kawo mini ita a takarda.

Surukinki

30 ga Yuli

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ka riƙa ɗora ƙafar a kan matashi, ka rage gishiri. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, da kuma kalmomin da na gaya maka a Afrilu. Ba haka ka rene ni ba.

Ba zan je kotu ba. A gaban Ubangiji na ɗauki alkawarin farko, ba zan ɗauki na biyu a bayan idonsa ba.

Wata biyu na yi ina addu'a ina fushi, sai Fasto ya tuna mini abin da na bari ya shige mini. Lokacin da abin ya faru ina makarantar jinya, hanya ta yanke, ban iso ba sai bayan kwana tara, an riga an binne waɗanda aka tsamo. Kai kaɗai ne a cikinmu ka shiga ɗakin ajiyar kaya na tasha inda aka jera su. Ka duba su ɗaya bayan ɗaya da idonka, ka fito ka ce ba ya ciki. Ni kuwa tun ina ƙarama ban taɓa jin ka faɗi ƙarya ba, ko ta wasa. In uban da ya haife shi ya duba ya ce ba ya ciki, har yau kuma zuciyarsa ta ƙi rubutawa, wace ce ni da zan matsa masa? Wataƙila kai ne mai bangaskiyar, mu muna waƙarta ne kawai.

Jiya na ce wa kafinta ya tafi shi kaɗai. Ya ci gaba da goge katakon da ke hannunsa har ya kusa cinye shi. Ƙaramar 'yarsa ta tambaye ni ko laifi suka yi mini.

Na yarda da kai, Baba. Zan ci gaba da zuwa tasha.

'Yarka,
Sarkin Tambaya

11 ga Agusta

Zuwa ga Sarkin Tambaya,

Ƙafa tana nan. Ba ita ce maganar ba.

Wa ya ce ki yarda da ni? Da zagina kika yi da na ji daɗi, ina da amsa a shirye, na ma fere fensir. Sai kika aiko mini da wannan. Kwana huɗu takardarki tana kan tebur, na juya ta, na ɗora mata ƙamus, duk da haka tana kallona. To ki zauna ki karanta, kada ki karanta wa kowa sai kin kai ƙarshe.

Da tsakar rana aka buɗe mana ɗakin ajiyar kayan. Rufin kwano ne, zafi kamar tanda. An tura buhunan gishiri gefe, an jera su a ƙasa layi biyu an rufa musu tamfol, kowa da lambarsa an rubuta da alli a wajen ƙafa. Kwana huɗu suka yi a ruwa, fuska ba ta gaya wa kowa komai. Wani akawu yana bina da littafi, ya toshe hanci da hankici. Na wuce ashirin da biyu. A na ashirin da uku ba sai an ɗaga tamfol ba. Hannun hagu ya leƙo waje, kwal na nan a ƙarƙashin farce, ruwan kogi bai iya wanke shi ba. Yatsan tsakiya a lanƙwashe.

Ba ƙofa ba ce ta datse shi. Yana shekara bakwai, a aji ɗaya, na hana shi riƙe alli da hagu ya fi sau ɗari. Ɗan hedimasta, a makarantar hedimasta, mai duba makarantu kuma yana tafe a satin. Na kira shi gaban aji, na shimfiɗa hannun a kan tebur a gaban yara arba'in, na buga da rula. Ba da faɗinta ba, da gefenta. Na ji ƙarar, yaran ma sun ji. Da muka koma gida uwarsa ta ga hannun ta ɗora hannu a ka, shi kuwa ya dube ta ya ce, “Mama, ƙofar aji ce.” Ban sa shi ba. Shi ya ƙirƙiro ƙofar nan da kansa, yana shekara bakwai, ya kuma riƙe ta har ya gaya wa matarsa. Bai taɓa iya rubutu da dama ba. Yana sha biyar ya bar mini makarantata ya tafi inda ba wanda ya damu da hannun da ka riƙe shebur.

Akawun ya ga na tsaya, ya ce, “Malam, ka gane wani? In ka gane, faɗi alamar da yadda aka same ta, sai na rubuta.” Alƙalaminsa a sama yana jira. Ta ƙofa kuma ina hango Mamanku a tsaye kusa da sikelin auna kaya, ta rungume busasshiyar riga da ta kawo masa, don ta ce zai fito a jiƙe.

Na ce, “Ba ya ciki.” Na sa hannu a littafinsa, da kyakkyawan rubutun nan da dattawanku suke yabo.

Shekara tara ina gaya wa kaina don Mamanku na yi, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Rabin gaskiya ke nan. Ɗaya rabin shi ne na kasa buɗe baki in ce wa baƙo, na san ɗana da ƙashin da na karya masa. Na zaci gobe zan koma in gyara. Washegari aka binne su a dogon rami kusa da ƙafar gada, kowa da turken ƙarfe mai lamba. Mamanku ta yi shekara uku tana ajiye masa abinci a rufe. Maganarta ta ƙarshe gare ni ita ce kada in sa sakata. Labarin mai dako a tashar jiragen ruwa kuwa, a kasuwa na tsince shi, na riƙa maimaitawa har na fara jin daɗinsa.

Na ce da Allah nake faɗa saboda gada. Ya fi sauƙin faɗa, kuma mutane suna jin tsoron mai irin wannan faɗan, ba sa yi masa tambaya. Gaskiyar ita ce Lahadin farko bayan binnewa aka miƙo mini gurasar Jibin Ubangiji, na dubi hannun da zan karɓa da shi, na tashi na fita.

Ban cika layin ba tukuna. Sau huɗu na buɗe Littafin, hannun ya ƙi. Amma ki hana kafinta tafiya. Mijinki ya rasu. Lamba ashirin da uku.

Ni ne

9 ga Satumba

Sarkin Tambaya,

Ƙafa da sauƙi, in har kina son sani.

Wata guda ke nan. Kullum ina tsare mai kawo wasiƙu a bakin titi ina sa shi ya zazzage jakarsa, har ya fara zagayawa ta bayan gidan mai ɗinki don kada mu haɗu. An ce ruwa ya ci hanya a wani wuri. In takardata tana cikin laka, ki gaya mini in sake rubutawa, ko da yake ban san ko zan iya sau biyu ba. In ta iso kin yanke ni ne, ki rubuta haka, layi ɗaya ya isa. Na koya wa yara fiye da dubu cewa rashin amsa takarda rashin tarbiyya ne, ke ma kina cikinsu.

Oktoba ta kusa. Mutumin ya tafi ne?

Ni ne dai

16 ga Satumba

Baba,

Ba zan tambayi ƙafarka ba.

Ruwa bai ci komai ba. Takardunka biyu sun iso. Ta farko a ɗakin haihuwa aka miƙo mini ita, na karanta a tsaye, sannan na je na karɓi haihuwar tagwaye, don ba wanda zai karɓa in ba ni ba.

Alhamis ta fi ɗari huɗu, Baba. Na ƙirga. Ka san ina zuwa ko ba ka sani ba, ka dai san ina jira, kana kuma da abin da zai tashe ni daga jiran a cikin bakinka. Duk hutun da na zo gaishe ka, ta kan gadar nan jirgi yake bi da ni. Ina manna fuska a taga ina leƙen ruwa, ashe yana can gefe cikin ciyawa, da lamba kamar buhu. Na zo na share maka ɗaki, na wanke maka riguna, ka dube ni ka ce in bar ƙofar baya a buɗe. Mama ta mutu kunnenta na kan ƙofar nan. Ka hana ta binne ɗanta. Ka hana ni makoki, na yi shekara tara ina kukan da ban san sunansa ba. Sannan da bakinka ka ce ba ka ga inda na rubuta ina kewarsa ba!

Shi yana shekara bakwai ya rufa maka asiri. Kai da furfurarka ka kasa kiran sunansa.

Na ɗauki hutun kwana uku. Kafinta bai tafi ba, shi ya raka ni gada. Ya sare ciyawa tun safe har rana ta take kafin muka sami turken, ya yi tsatsa amma lambar tana karantuwa. Na zauna a ƙasa na yi abin da ya kamata in yi tun tuni. Shi ya koma nesa ya ba mu wuri. Da muka dawo ya haɗa gicciye da katakon da ya ajiye don gadonmu, ya sassaƙa sunan. Ya ƙi kafawa. Ya ce, “Yana da uba.”

Da na kai wa Fasto takardarka da magana ta ƙare a ranar. Ban kai ba. Ba zan shiga aure da asirinka a hannuna kamar abin da na sato ba. Kai za ka cika layin, ka ɗauko Littafin da kanka, ka tsaya gaban dattawa. Sai an yi sanarwa Lahadi uku kafin a ɗaura, ka iya lissafi.

Fasto ya ga fuskata ya ce ko me aka yi mini in yafe. Na ce masa ina kan hanya, ban iso ba.

Matar Bahago

25 ga Satumba

'Yata,

Ba ki tambayi ƙafa ba, amma zan gaya miki: za ta iya hawa jirgi. Na gwada ta a matakalar gidan waya sau uku, mutane suna kallona kamar na zautu.

Duk abin da kika faɗa haka yake. Na nemi kuskure ɗaya in ja masa jan layi, ban samu ba, abin ya ƙara ba ni haushi.

Na cika layin. Na fara gwadawa a wata takarda da dama, ya fito tsaf, kowane harafi a zaune kamar ɗan aji shida ranar jarrabawa. Na dube shi na ji ƙyama. Hannun nan ne ya riƙe rula, shi ne ya sa hannu a littafin akawu. Sai na mayar da alƙalami hagu.

Tun hantsi nake fama har rana ta karkata, a kan rana ɗaya da wata da shekara. Bakin alƙalami yana tono takarda, haruffa suna hawa suna gangara. Ga kuma abin da ban taɓa sani ba, ni da na yi shekara talatin a gaban allo: in kana rubutu da hagu, gefen hannunka yana bin bayan abin da ka rubuta yana shafe shi tun bai bushe ba. Shi ya sa allonsa kullum a dame yake. Ni kuwa ina ce masa ƙazami. Ba wanda ya gaya mini, ban kuma tambaya ba. Ke ce Sarkin Tambaya, ni sarkin amsa ne.

Yanzu Littafin kakana yana da dameji a shafin farko, baƙi ƙirin, girman babban yatsa. Ɗalibina mai raba goma sha biyu zai sa tabarau ya ce wannan ba hannun Hedimasta ba ne, dattawa su gyaɗa kai. Don haka dole in shiga majami'arku in tsaya in gaya musu hannun wane ne, da dalilin da ya sa. Duka zan faɗa, har da rula. Ki ce su tanadi kujera mai ƙafa huɗu.

Kada ki ɗauka mun shirya da Allah. Har yanzu ina da magana a kan gadar nan, akwai jarirai a ciki da ba su karya yatsan kowa ba. Na dai yi masa magana da na gama rubutun, karo na farko, kuma ba da ladabi ba. Bai amsa ba. Sai dai ban ji kamar da bango nake yi ba.

Maganar yafewa kuwa, ban nemi ki iso ba. Ki taho a hankali, ni ma ban cancanci a yi sauri domina ba.

Zan hau jirgin Alhamis in sauka a ƙaramar tashar gada. Ki ce wa kafinta ya zo da gicciyen da guduma, ya kuma tsaya daidai bakin tarago, don Littafin yana da nauyi ga kuma sanda. Ni zan riƙe, shi ya buga. Rular tana cikin jakata. Ya duba ko za ta yi masa wani amfani, in ba za ta yi ba, kogi yana kusa.

Na ja sabon layi a ƙarƙashin sunanki, na bar gurbin aure. Ya zo da cikakken sunansa da na 'ya'yan a rubuce. Da hagu zan shigar da su, kada ya ce ban gaya masa ba.

Babanki

Na manta. Yau na sa sakata a ƙofar baya. Ta yi tsatsa, sai da na buga ta da dutse.